Tsagewar bango a tsofaffin gidajen Kura da Bunkure: Me ya sa siminti ba ya magance ta?

A duk shekara da zarar damina ta ɗauke, masu tsofaffin gidaje a garuruwan Kura da Bunkure da ƙauyukan da ke kewaye da su a jihar Kano kan zagaya bangayensu, suna duba ɓarnar da ruwa ya bari.

Abin da akasari suke tararwa shi ne tsaga: wata siririya kamar zare, wata kuwa har yatsa na shiga. Maganin da aka saba shi ne a sayo buhun siminti, a kira birkila ya toshe ya shafe. Kafin damina biyu ta zagayo sai tsagar ta dawo a inda take, sau da yawa ma ta fi da faɗi.

Lamarin ya wuce batun kyan gani. Kusan kowace damina ana samun labarin ɗakunan ƙasa da suka rufta kan mutane suna barci a jihohin Kano da Jigawa da Katsina, musamman a watan Agusta lokacin da ruwa ya fi ƙarfi. Ba kasafai bango ke faɗuwa ba tare da ya nuna alama ba, kuma tsaga ce alamar da ya fi nunawa. A wannan yanki na noman rani, tushen matsalar galibi yana ƙarƙashin ƙasa ne, inda cokalin birkila ba ya kaiwa.

Ruwan da ya zo ya zauna

An kammala ginin madatsar ruwa ta Tiga a kan kogin Kano a shekarar 1974, zamanin gwamna Audu Bako. Daga gare ta ne ake koro ruwa ta babbar magudana zuwa gonakin ƙananan hukumomin Bunkure da Kura da Garun Malam. An tsara kashin farko na aikin domin ya shayar da hekta 22,000, kana daga bisani kulawa da shi ta koma hannun Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, wadda gwamnatin tarayya ta kafa a 1976.

Alherin da ruwan ya kawo ba ɓoyayye ba ne. Tumatir da albasa da alkama da masara sun wadata a lokacin da a da gonaki ke kwance, kasuwar Kwanar Gafan ta shahara, Kura kuma ta zama ɗaya daga cikin manyan cibiyoyin casar shinkafa a arewacin Najeriya.

Sai dai da yawa daga cikin gidajen da ke tsakiyar waɗannan garuruwa sun girmi madatsar. Maginan da suka ɗora tubalinsu sun yi lissafi ne da ƙasar da ke jiƙewa wata huɗu ko biyar, sannan ta bushe ƙayau sauran watannin shekara. Noman rani ya sauya wannan lissafi. Ruwa na tsiyaya daga ƙananan magudanun ƙasa da ke ratsa gonaki, manoma kan ba amfanin gona ruwa fiye da buƙata, shinkafa na son ruwa ya kwanta mata makonni, kuma ciyawar kacala da laka kan toshe hanyoyin da aka tanada domin fitar da rarar ruwan. Binciken da masana aikin gona suka gudanar a kan wannan aiki ya sha nuna cewa ruwan ƙarƙashin ƙasa ya taso kusa da doron ƙasa a sassa da dama, tare da taruwar gishiri a wasu gonaki. Abin da ya sami gona shi ne ke samun gindin bangon da ke maƙwabtaka da ita.

Bangon ƙasa na jan danshi daga ƙasa zuwa sama kamar yadda lagwani ke jan kananzir. Danshin kan hau har ya kai inda iska da rana za su busar da shi, galibi tsakanin gwiwa da ƙugun mutum. Ruwan ya tafi, gishirin da ya ɗauko ya tsaya. Shi ne farin garin nan mai kama da kanwa da ake gani a gindin bango. Yayin da yake ƙanƙarewa a cikin ƙananan ramukan ƙasar sai ya riƙa tura ta, yaɓen ya yi ta zubowa gari-gari, har gindin bangon ya zaizaye ya koma siriri alhali samansa na nan da nauyinsa. Inda aka ɗaure tumaki ko aka haƙa masai a jikin bango, fitsari na ƙara wa gishirin yawa.

Laifin siminti

Bangon ƙasa yana rayuwa ne da shan danshi da kuma fitar da shi. Yaɓen gargajiya, da yake shi ma ƙasa ne, ba ya hana wannan shige da fice. Siminti kuwa yana rage shi ƙwarai. Idan aka lulluɓe bangon tubali da filastar siminti ciki da waje, danshin da ke tasowa daga ƙasa ba shi da mafita, sai ya taru a bayan filastar ya ƙara hawa sama. Daga waje bango na sheƙi da fenti, a ciki kuwa tubali na komawa laka. Gara ma ta sami duhu da laimar da take so, ta yi hanya har zuwa itacen rufi ba wanda ya gan ta.

Akwai kuma bambancin hali. Ƙasa na kumbura idan ta jiƙe, ta tsuke idan ta bushe. Siminti ba ya bin ta, nasa motsin da zafi da sanyi yake tafiya, kuma a Kano tazarar da ke tsakanin zafin ranar watan Afrilu, wanda kan kai awo 40 a ma'aunin Selshiyos, da sanyin asubahin hunturu ba ƙarama ba ce. Abu biyu da ke motsi daban-daban ba sa daɗewa a manne. Wannan ne ya sa idan aka ƙwanƙwasa irin wannan bango da ƙotar wuƙa ake jin yana amsawa kamar ganga: filastar ta riga ta rabu da bangon, tana tsaye ne kawai da ƙafarta. Da ta tsage, ruwan sama ya shiga ta tsagar, ya kasa fita.

Birkiloli sun san wannan, shi ya sa wasu ke kafa ƙusoshi ko wayar raga ko tsakuwa a jikin bangon kafin su shafe. Dabarar na riƙe filastar na wasu shekaru, amma ba ta fitar da danshin.

Ba a ƙasar Hausa kaɗai aka koyi wannan darasi da tsada ba. A yankin Devon na kudu maso yammacin Ingila akwai dubban gidajen ƙasa masu ɗaruruwan shekaru, kuma an sami waɗanda suka rushe bayan da aka shafe su da siminti a ƙarni na 20. Ƙungiyar kare tsofaffin gine-gine ta Birtaniya, wadda William Morris ya kafa a 1877, ta daɗe tana jan hankalin masu irin waɗannan gidaje da su yi gyara da irin kayan da aka yi ginin da su tun farko.

Dole ne a yi wa masu gidajen adalci. Ba jahilci ke kai su ga siminti ba. Yaɓen ƙasa na buƙatar sabuntawa duk shekara ɗaya ko biyu, matasan da a da ke kwaɓa ƙasa sun tafi gona ko injin casa ko birni, kuma gidan da ba siminti a fuskarsa ana yi masa kallon gidan marar hali, har a wajen neman aure.

Karanta tsaga kafin a taɓa ta

Ba dukkan tsaga ce ke da haɗari ba. Sirara masu rassa kamar saƙar gizo-gizo a fatar yaɓe kawai suke, kuma bushewa da sauri ko yawan yumɓu a cikin kwaɓin ne ke haddasa su. Sabon shafe ya wadatar.

Wadda ta miƙe tsaye a kusurwa, inda bango biyu suka haɗu, na nuna cewa ɗayansu ya fara rabuwa da ɗan'uwansa, sau da yawa saboda nauyin rufin soro da ya sha ruwa yana tura shi waje. Wadda ta taso a karkace daga kusurwar ƙofa ko taga, ta fi faɗi a gefe guda, alama ce cewa ƙasar da ke ƙarƙashin wani sashe na ginin ta lotsa. Wadda ta kwanta a tsawon gindin bango, tare da kumburin filasta, ita ce ta danshi da gishiri, kuma ita ce ta fi zama ruwan dare a kusa da gonakin shinkafa.

Cibiyar binciken gine-gine ta Birtaniya ta kasa tsagewar bango gwargwadon faɗinta. Abin da bai kai milimita 5 ba ana ɗaukarsa matsalar gani da ido, wadda cikewa ke magancewa. Daga milimita 15 zuwa sama kuwa ana batun gyaran ginin kansa ne, har da rushe wani sashe a sake ɗora shi. An yi wannan ma'auni ne domin gidajen jan bulo, bangon ƙasa mai kauri ya fi su haƙuri, amma ya isa ya zama jagora: tsagar da yatsa ke shiga ta wuce aikin mai gida shi kaɗai.

Abin da ya fi faɗin muhimmanci shi ne ko tsagar na ci gaba da buɗewa. Gwajin ba ya cin kuɗi. A ja layi da fensir a ƙarshenta a rubuta kwanan wata, sannan a manna ɗan kwaɓin ƙasa ko siminti sirara ya haye bakinta biyu. Idan bayan makonni mannin ya tsage, ko tsagar ta zarce layin, to bangon na motsi, kuma cike shi asarar kuɗi ne har sai an gano abin da ke motsa shi. Idan kuwa bango ya fara karkata, ko ƙofa ta daina rufuwa, ko ƙasa na zubowa daga tsakanin azara, a kwashe iyali daga ɗakin a tokare rufin kafin a fara shawarar gyara.

Yadda ake gyaran

Ana farawa ne da ruwa. A hau soro a duba indararo: wanda ya toshe ko ya karye yana zubar da ruwa a jikin bango maimakon ya cilla shi nesa. A cike ramukan rufin da na rawanin bango. A ƙasa kuma a gyara gangaren tsakar gida da na lungu yadda ruwa zai gudu daga gindin gini, a janye randa da wurin alwala da turken dabbobi daga jikinsa. Dakalin da magabata ke yi a gindin bangon waje ba wurin zaman hira kaɗai ba ne, yana kare gindin daga fantsamar ruwan sama.

Daga nan sai a ɓamɓare duk filastar da ke amsawa kamar ganga, musamman daga ƙasa zuwa tsayin ƙugu, a bar bangon ya sha iska makonni. Wannan ne ya sa farkon rani ya fi dacewa da aikin. A kankare farin gishirin a bushe, a share shi a fitar daga gidan. Wanke shi da ruwa mayar da shi cikin bango ne kawai.

Gindin da ya zaizaye ba a cika shi da danƙararren kwaɓi lokaci guda, domin zai tsuke ya rabu da na sama. Ana sassaƙe ruɓaɓɓen wurin har a kai ƙasa mai ƙarfi, a jera busasshen tubali da kwaɓi kaɗan a tsakani, a matse shi sosai. Ana yi ne gaɓa-gaɓa, abin da bai wuce tsawon kamu biyu ba a lokaci guda, a tsallake a yi wani wurin, sai na farko ya bushe a dawo tsakani. Wanda ya rarake gindin bango gaba ɗaya domin ya yi sauri yana iya jawo shi kansa.

Ita kanta tsagar, idan ta tabbata ta daina motsi, ana buɗe bakinta ne yadda kwaɓi zai shiga har ciki, a share ƙura, a yayyafa ruwa kaɗan ba tare da an jiƙa bangon sharkaf ba, sannan a riƙa cusa kwaɓin ana dannawa. Mai zurfi kuwa ɗinke ta ake yi: a sassaƙa gurabe a kwance da suka haye tsagar, tazarar kamu ɗaya ko fiye a tsakaninsu, a binne guntun azara ko a jera tubali a ciki domin su ɗaure ɓangarorin biyu. Azara, wadda ake tsagawa daga kututturen giginya, ta fi sauran itace jure gara, dalilin da ya sa magina suka riƙe ta ke nan tun da daɗewa.

Zaɓen ƙasa shi ne inda mutanen yankin suka fi yin kuskure, domin lakar gonar shinkafa ce ta fi kusa da hannu. Yumɓunta ya yi yawa, tana tsukewa ta tsattsage, kuma tana iya zuwa da gishirin da ake gudu. Jar ƙasa mai ɗan tsakuwa irin ta tsohon kududdufin da aka ɗebi ƙasar ginin tun asali ta fi, haka nan ƙasar bangon da ya faɗi, banda ta gindinsa. A gwada kafin a fara: a shafa kwaɓi iri uku a jikin bango, kowanne da yawan yashi daban, a bar su kwana biyu. Wanda ya tsage yana son ƙarin yashi, wanda ke zubowa idan an goga hannu yashinsa ya yi yawa. A wajen abin haɗi kuwa yankin ya yi sa'a, domin yankakken karan shinkafa da buntu, waɗanda ake ƙonawa a bakin injinan casa, suna yin aikin da ciyawa ke yi a kwaɓin da. A bar kwaɓin ya kwana biyu ko uku ana juya shi ana tattakawa, ya ruɓa ya yi danƙo.

Shafen ƙarshe ana yin sa ne sirara-sirara, hawa biyu ko uku, kowanne bai wuce kaurin yatsa ba, a bar shi ya bushe kafin a ɗora na gaba. Iskar hunturu na busar da shi da gaggawa, saboda haka da safe ko da yamma ya fi, a kuma rataya tsohon buhu ya yi masa inuwa.

Makuba da laso

Maginan Hausa ba su bar yaɓe tsirara ga ruwan sama ba. Makuba, wadda ake samu daga ɓawon 'ya'yan ɗorawa, ana jiƙa ta a kwaɓa ƙasa da ruwanta ko a shafe bango da shi, ta ba shi duhun launi da ƙarfin ture ruwa ba tare da ta toshe masa hanyar fitar da danshi ba. Har yanzu ana samun ta duk inda ake yin daddawa.

Laso ya fi ta ƙarko, kuma a nan tarihin Kura ya shigo. Garin ya yi suna tun ƙarni na 19 wajen rini da bugun baƙin yadi mai sheƙi da Buzaye ke naɗawa, wanda fatake ke kaiwa har cikin Sahara. Daga gindin karofin marina ake kwaso katsi, wato dattin baba da toka da ya kwanta, a busar da shi a ƙone a daka, a haɗa da gashin da majema suka kankare daga fatar awaki da kuma ruwan dafara mai yauƙi. Da wannan haɗi ake shafe cikin ramukan rinin kansu domin su riƙe ruwa, da shi kuma ake shafe rufin soro da bangon masu hali. Bayan da kamfanin BASF na Jamus ya fara sayar da shuɗin rini na masana'anta a 1897, kana yadin kanti ya cika kasuwa a ƙarni na 20, marinu suka yi ta mutuwa, katsi ya yi wuya, laso ya bi shi. Abin lura ne cewa garin da ya taɓa samar da simintinsa na kansa daga sharar sana'arsa yau yana jiran tirela ta kawo masa wanda bai dace da bangonsa ba.

Inda ba a sami ko ɗaya ba, farar ƙasa ta fi fentin mai a kan yaɓe, domin fentin na rufe bango kamar leda.

Cewa ginin ƙasa na iya daɗewa idan ana kula da shi ba abin musu ba ne. Gidan Makama a Kano ana danganta asalinsa da zamanin Sarki Muhammadu Rumfa a ƙarni na 15. Masallacin Juma'a na Zariya, aikin Babban Gwani Muhammadu Durugu, an gina shi a wajajen shekarun 1830. A Djenne ta ƙasar Mali, babban masallacin da aka sake ginawa a 1907 yana tsaye ne saboda duk shekara mutanen gari na fitowa ƙwansu da kwarkwatarsu su yaɓe shi a rana guda.

Gidan bulo fa?

Gidajen da aka gina da bulon siminti daga shekarun 1970 zuwa 1980, lokacin da kuɗin noman rani ya fara shigowa, su ma sun tsufa, kuma su siminti ne ya dace da su. A buɗe tsagar, a share, a jiƙa, a cike da kwaɓin siminti awo ɗaya da yashi mai tsabta awo biyar ko shida, a kuma riƙa yayyafa masa ruwa na kwanaki. Zuba siminti da yawa da nufin ƙara ƙarfi na sa facin ya fi bulon tauri, ya tsage a gefensa. Danshi da gishiri ba sa ƙyale su su ma, musamman waɗanda aka gina ba tare da an shimfiɗa leda ko kwalta a kan harsashi ba. Akwai kuma gidajen da aka haɗa iri biyu, tsohon ɗakin ƙasa da sabon na bulo a jikinsa. Tsagar da ke fitowa a mahaɗarsu za ta riƙa dawowa komai aka cusa mata, gara a bar ta a matsayin gaɓa a riƙa toshe ta da kwaɓin ƙasa mai laushi.

Wani sashe na matsalar ya fi ƙarfin mai gida ɗaya. Shirin TRIMING, wanda Bankin Duniya ya amince da shi a 2014, ya haɗa da gyaran magudanun ban ruwa da na fitar da rarar ruwa a aikin kogin Kano, kuma duk lokacin da aka yashe irin waɗannan hanyoyi, gidajen da ke bakin gonaki na amfana. Kwatocin cikin gari kuwa sai da haɗin kan unguwa, domin a tsofaffin lunguna bango ɗaya kan raba gida biyu, kuma ruwan wankan maƙwabci na iya zama abin da ke cin gindin ɗakin wanda ya gyara nasa gefen.

Bayan an gama gyara, a sake jan layin fensir a inda tsagar take, a rubuta kwanan wata, a dawo a duba shi a tsakiyar watan Agusta da kuma lokacin da aka saki ruwan noman rani a magudanar da ta fi kusa da gidan.